Filin Shawara: An ce in zaɓa, ko aure ko ƙanena

 Anti, ina da damuwar da na rasa wanda zan kai wa. Ni budurwa ce, shekarata 27, ina koyarwa a makarantar firamare. Mu biyar ne a wurin mahaifiyarmu: yayyena maza uku, sai ni, sai autanmu mai shekara 16. An haife shi da lalurar nan da likitoci ke kira Down. Baba ya rasu Auta yana ƙarami, Inna kuma yanzu hawan jini da ciwon gwiwa sun sa ta a gaba.

Tun ina 'yar shekara 11 nake goyonsa. Maganarsa ba kowa ke ganewa ba, amma ni ko gyaran murya ya yi na san abin da yake so. In ya kama murza kunne, wani wuri ke masa ciwo. In ya jera takalman gidan bibbiyu a bakin ƙofa ya zauna a kan nawa, yana nufin kada in fita. Na taɓa samun gurbin karatu a jami'a a wani gari, na bari na shiga kwalejin ilimi a nan saboda shi.

Yanzu wani ya fito, mutumin kirki, har an fara maganar kawo kuɗin gaisuwa. Sai mahaifiyarsa ta zo gidanmu ta ga Auta. Tana komawa ta ce a dakata, wai abin a jininmu yake, za a haifa musu irinsa. Shi ya ce zai shawo kanta, amma da sharaɗi biyu: kada Auta ya riƙa zuwa gidana in danginsa suna nan, kuma in daina zancen zai dawo wurina ranar da Inna ta kasa. Yayyena sun ce in amince kawai, wai na tsufa a gida saboda yaron nan. Amma a cikinsu babu wanda ya ce zai ɗauke shi.

Anti, akwai abin da ya fi wannan damuna. Ban san ko ni wace ce ba in babu Auta. Ƙawayena suna cewa na cika tsanani, komai sai na sa ido, ko biki muka je hankalina yana gida. Akwai daren da na kwanta na ce a raina da ma ba a haife shi ba. Na tashi na yi ta istigfari ina kuka. Ni muguwa ce? In karɓi sharaɗin ko in haƙura da auren?

Yayar Auta, daga Zariya

'Yata, kada ki karɓi sharaɗin nan yadda aka kawo miki shi, kuma kada ki yi saurin cewa kin fasa. Akwai aikin da ba a yi ba tukuna, kuma rabinsa a cikin gidanku yake.

Bari mu fara da tsoron mahaifiyarsa, don shi ya fi sauƙin magani. A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai kuromosom 46, a jere bibbiyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Mai lalurar Down yana da 47, domin lamba ta 21 tasa uku ce maimakon biyu. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, shi ya siffanta lalurar a 1866, amma sai a 1959 likitoci a birnin Paris suka gano wannan ƙarin. Ana samunta a kusan haihuwa ɗaya cikin 1,000, a kowace ƙasa da kowace ƙabila, gidan mai kuɗi da gidan talaka. A wajen kashi 95 cikin 100 na masu ita, abin ya faru ne lokacin da ƙwan uwa ko maniyyin uba ke rabuwa, kuskure ne na wannan cikin kaɗai, ba a gadonsa. Yana ƙaruwa da shekarun uwa: mai shekara 35 tana da kasada kamar ɗaya cikin 350, mai 40 kamar ɗaya cikin 100. Kin ga Auta shi ne na ƙarshe a ɗakinku. Wannan kuma ba laifin Inna ba ne, kada wani ya ɗora mata.

Akwai wani nau'i kaɗan, kashi uku zuwa huɗu cikin 100, inda guntun kuromosom ɗin ke manne wa wani. A cikin wannan ɗan kason ne ake samun wanda aka gada, shi ma kusan ɗaya bisa uku. Gwajin jinotayif da ake yi kafin aure saboda sikila ba ya nuna wannan, gwajin kuromosom daban ne kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Tunda kina Zariya, ki je sashen yara na asibitin koyarwa na Shika ki nemi likita ya faɗa miki inda za a yi wa Auta. Ki tafi da manemin naki, ya ji da kunnensa, shi ya kai wa mahaifiyarsa. Ni ban ga baƙin tsohuwar nan sosai ba. Ta ga gidajen da sikila ta wahalar, ta ɗauka duk tafiyar ɗaya ce. Wanda ke tsoro a kan rashin sani ana iya yi masa bayani.

Wanda nake so ki duba da kyau shi ne ɗan nata. Sharaɗin farko daga bakinsa ya fito. Ta yaya za a ɓoye saurayi mai shekara 16? Ranar suna a kulle shi a ɗaki? Ranar sallah ya zo gaishe ki a ce ya bi ta ƙofar baya? Yau kin yarda an ɓoye ƙanenki, gobe in Allah ya ba ki ɗa mai wata lalura, wace ƙofa za a nuna masa? Ki gayyace shi gida wata la'asar, ki ce ya raka Auta shagon aski ko masallaci, su biyu, ke ki zauna. In sun dawo ki lura: yana magana da Auta, ko yana magana a kansa kamar ba ya wurin? Ya ba shi hannu? Da Auta ya maimaita tambaya sau uku, fuskarsa ta canza? Ke da kike karanta murza kunne, wannan ba zai gagare ki ba.

Sharaɗi na biyu kuwa, a nan zan ɗan tsaya masa. Namiji yana da haƙƙin ya san abin da zai ɗauka kafin a ɗaura. Kuma tambayar da ke ƙarƙashin maganarsa tambaya ce ta gaske: wa zai riƙe Auta bayan Inna? A Amurka, a 1983, masu wannan lalura ba su cika wuce shekara 25 ba. Yanzu suna kaiwa wajen 60, saboda aikin zuciya da kulawar asibiti. Namu ba su samun irin wannan gata, amma duk da haka ki sa a ranki cewa Auta zai iya yin shekaru masu yawa a duniya bayan mahaifiyarku, rai dai na Allah ne. Ku huɗu kuka haɗa jini da shi. Me ya sa amsar take faɗowa a kan mutum ɗaya?

Yayyenki sun ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Mutumin da bai taɓa kwana da yaro yana zazzaɓi ba, shi ne mai cewa kin tsufa a gida. An mayar da ke rijiyar unguwa, kowa ya ɗiba, babu mai yasa. Ki sami baffanku ko kawunku wanda ake jin maganarsa, ya tara ku gaban Inna tun tana da ƙarfin magana. A tsayar da abubuwa a rubuce, da shaidu: nawa kowa zai bayar a wata, wa zai kai shi asibiti, a gidan wa zai zauna in Inna ta kwanta, kuma na tsawon wane lokaci kafin ya koma wurin wani. A wannan zaman ki yi tambayar da na tabbata ba a so: ina rabon Auta na gadon Baba? Lalura ba ta hana gado. Rabonsa cikakken rabon ɗa namiji ne, amana ce a hannun wanda ya riƙe, kuma a kansa za a kashe. In kin fito daga wannan zama da takarda a hannu, maganarki da manemi ta canza. Ba za ki ce masa "zai dawo wurina" ba, za ki ce "ga kasona a ciki, za ka iya?"

Yanzu ga abin da kika ce ya fi damunki. Shekara 16 kina kallon fuskar mutum don ki gane abin da bakinsa ya kasa faɗa. Wannan ya gina ki. Na yi imani a ajinki ke ce ke fara gane yaron da ba ya jin abin da ake faɗa daga kujerar baya, da yarinyar da ta zo ba ta karya ba. Mai daɗin baki ba ya ruɗin ki da wuri, don kin saba auna mutane da yadda suke yi wa wanda ba zai iya rama musu komai ba. Wannan ido naki ne yanzu. Ko Auta yana Zariya ke kina wani gari, da shi za ki tafi.

Sai dai riƙon ya bar miki wasu halaye da ya kamata ki sani. Ba ki iya roƙo ba. Kin saba yin komai da kanki saboda ya fi sauri kuma ya fi kyau, har kin sa kowa ya yarda cewa babu mai iyawa sai ke. Yayyenki sun ji daɗin wannan, sun miƙe ƙafa. Zan faɗi wadda ta fi zafi: Auta ma ya cutu da shi. Yana iya zuwa shagon bakin layi ya sayo burodi ya karɓo canji? Yana wanke kofinsa? Ya taɓa kwana ba ki gidan? Masu lalurar Down da yawa suna koyon karatu daidai gwargwado, suna sana'ar hannu, suna taya tsaron shago. Suna koyo a hankali, da maimaici, kuma sun fi kama abin da suka gani da ido a kan abin da aka faɗa musu. Amma ba sa koyon abin da kullum wani ke riga su yi. Wannan jera takalman da yake yi, wayo ne, ya gano cewa in ya zauna a kan naki kina fasa fita. Daga yau ki durƙusa ki ce masa, "Zan fita, zan dawo bayan la'asar," ki karɓi takalminki ki tafi ko yana kuka. Sannan ki dawo bayan la'asar ɗin, kada ki saɓa. Da haka zai gane cewa tafiya tana da dawowa. In ya saba, ki kwana ɗaya a gidan gwaggonki. Gara ya koyi wannan yanzu da sauƙi, da a ce ranar kai amarya ce ranar farko da zai nemi yayarsa ya rasa.

Ki sayi littafin rubutu ki zuba duk abin da ke kanki game da shi: alamunsa, abincin da ba ya so, abin da ke firgita shi, abin da ke kwantar masa da hankali, magungunansa. Ki ba Inna da matan yayyenki su karanta. In kun je asibiti kuma, ki roƙa a duba masa abubuwan da suka saba bin wannan lalura. Kusan rabin masu ita ana haifarsu da matsalar zuciya, don haka in ba a taɓa yi masa hoton zuciya ba a yi. A riƙa gwada jininsa duk shekara saboda tayirod, ƙullin nan na wuya da ke kawo maƙoƙo, domin in ya yi rauni sai a ga yaro ya yi nauyi ya yi sanyi a ɗauka lalaci ne. A duba ido da kunne. Murza kunnen nan ma kada ki raina shi, hanyar kunnensu ƙarama ce, tana yawan toshewa.

Daren da kika ambata, gajiya ce ta yi magana. Duk wadda ta yi doguwar jinya, in za ta faɗi gaskiya, ta san irin wannan dare. Malamai sun karantar da mu cewa abin da ya ɗarsu a zuciya, ba a furta ba, ba a aikata ba, Allah ba ya kama bawa da shi. Muguwa ba ta tashi cikin dare tana kuka a kan tunani. Amma in kin ga rashin barci da kuka sun zarce mako biyu, abinci ya fita ranki, ki faɗa wa likita, wannan ma ciwo ne mai magani.

Ki yi istihara. In bayan likita, da zaman dangi, da la'asar ɗin nan, mutumin ya dawo ya ce Auta ya shigo ta ƙofar gaba kowa na gani, ki aure shi, kuma ki bar yayyenki su ɗauki nasu kason ko ba su iya kamar ke ba. In har yanzu yana kan a ɓoye shi, ki sallame shi da mutunci. Shekara 27 ba tsufa ba ne.

*

Salam Anti. Ni magidanci ne, ɗan kasuwa, 'ya'yana uku. Na tsakiyan yana da shekara shida, ba ya magana, in ya ji lasifika sai ya toshe kunne yana ihu, yana wuni yana jera marafan kwalba. Likita ya ce galahanga ce, wadda suke kira otizim. Kafin nan na kashe kuɗi a rubutu da hayaƙi. Wasu sun ce ɗan ruwa ne, mahaifiyata kuma ta ce allurar rigakafi ce ta jawo. Da ni mutum ne mai zafin rai da son majalisa. Yaron nan ya sauya ni, zan iya zama awa guda ina miƙa masa marafai. Amma na daina zuwa majalisa tun da wani abokina ya kwaikwayi yadda yake kaɗa hannu aka yi dariya. Yanzu kowa haushi yake ba ni. Shekaranjiya babbar 'yata mai shekara tara ta ce wa uwarta, "Baba ba ya ganin kowa sai shi." Na yi laifi da na yanke abokaina?

Baban yara uku, daga Kaduna

Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan awa guda da kake zama a ƙasa. Iyaye maza da yawa in abu irin wannan ya faru sai su bar wa uwa, wasu ma su ƙara aure su ce daga wajenta ne.

Ka kwantar wa Hajiya hankali game da allura. Wannan zargi ya samo asali ne daga wani rahoto da mujallar Lancet ta Ingila ta buga a 1998. An bincika aka gano akwai maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Manyan binciken da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara ba su sami alaƙa ba. Abin da ke ruɗin mutane shi ne alamun suna bayyana ne a shekara ɗaya zuwa biyu, daidai lokacin da ake allurai. Kada wannan ya sa a hana ƙaramin naka rigakafin ƙyanda. Otizim yana shafar kamar yaro ɗaya cikin 100, ya fi yawa a maza, kuma halittar da aka zo da ita ce ke da babban kaso a ciki. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke cire shi. Abin da ke taimako shi ne koyar da sadarwa, ko da hotuna ko da nuni, da tsayayyen tsarin yini, da rage masa ƙara. Ka nemi likitan da ke ganin yara a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ya haɗa ka da masu koyar da magana. Addu'a ka ci gaba da yi masa, ka tofa masa da bakinka. Amma duk wanda ya ce a turara shi har ya shaƙe, ko a ɗaure shi, ko a doke shi don a fitar da wani abu, ka ɗauke ɗanka ka fita. Masu cewa ɗan ruwa ne kuwa, kada ka bar su su kaɗaita da shi ko na minti ɗaya. Ka kuma sani akwai dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ma'aikata.

Abokin da ya yi kwaikwayo ya yi rashin hankali. Amma majalisa ba mutum ɗaya ba ce, kuma tabbas akwai wanda ya ji kunya a ranar bai dai yi magana ba. Ka nemi ɗaya ko biyu daga cikinsu ka kira su gida, su ga yaron a inda yake sake. Wanda ya sake dariya bayan ya gani, ka rabu da shi ba tare da faɗa ba. Kana bukatar inda za ka zauna a yi hirar ƙwallo da farashin kaya, in ba haka ba duk haushin nan a kan matarka zai sauka, ita da take wuni da shi.

Tambayar da ka yi a kan abokai ce, amma maganar 'yarka ita ta fi tsaya mini. Ka koma sama ka karanta wasiƙar Yayar Auta da kyau. Ita ma tana 'yar shekara 11 aka fara cewa "ai tana da hankali, riƙe shi." Yarinyar da ke da ƙane irin wannan tana saurin koyon yin shiru, ta daina kawo ƙara, ta daina neman abu, don ta ga iyaye sun riga sun gaji. Sai a yi ta yabonta, alhali a ciki tana jin ba a ganinta. Taku ta yi ƙoƙari da ta faɗa. Ku yi mata bayanin lalurar ƙanenta da kalmomin da za ta gane. Ta taya ku, amma kada a mayar da ita uwa ta biyu, kada a hana ta islamiyya ko wasa saboda raino. In ya yaga mata littafi, tana da damar yin fushi, a saya mata wani.

Ranar Asabar ɗin nan ka ɗauke ta ita kaɗai a bayan mashin ko a mota, ku je ku sha yogot, ka tambaye ta sunan ƙawarta da abin da malama ta ce. Kada ka kawo zancen ƙanenta sai in ita ta kawo. Bayan wata guda ka sake rubuto mini in ji yadda kuka yi.